Bardo: Ƙaramar Kurciya Mai Doguwar Jela

A watan Afrilu, sa'ad da rana ta take, iska ta tsaya cik, yawancin tsuntsayen ƙasar Hausa sukan nemi inuwa su fake. Kaji su kwanta gindin rumbu suna haki, gwara su shige cikin duhuwar itatuwa su yi tsit. Amma wanda ya bi hanyar mashaya ko ya ratsa ta bakin rijiyar shanu a wannan lokaci, ba wuya ya ga wata 'yar kurciya siririya tana tafe a kan yashi mai zafi, tana gyaɗa kai, tana tsintar abin da idon mutum ba ya ko gani. In aka matso kusa sai ta tashi fir, fuka-fukanta su bayyana jajaye, doguwar jelarta ta biyo ta kamar kibiya, ta sauka 'yan taku kaɗan a gaba ta ci gaba da kiwonta. Wannan tsuntsu shi Hausawa ke kira bardo.

Da wuya a sami yaron ƙauye da bai taɓa ganin bardo ba, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dube shi da kyau. Ga mutane da yawa duk kurciya kurciya ce. Wasu kuma da suka lura da shi sukan ɗauki namijin da macen a matsayin tsuntsaye iri biyu, domin ba su yi kama da juna sosai ba. Alhali kuwa a jikin wannan ɗan tsuntsu akwai darussan kimiyya da ɗalibi zai iya gani da idonsa a bayan makaranta, ba sai an kai shi ɗakin gwaje-gwaje ba.

Kamanninsa

Abu na farko da za a duba shi ne jela. Tsawon bardo daga baki zuwa ƙarshen jela yana tsakanin santimita 22 da 28, wato bai kai tsawon rular makaranta ba, kuma kusan rabin wannan tsawo jela ce, doguwa, baƙa, mai tsini. Nauyinsa kimanin giram 40 ne, ƙwan kazar gidan gona ma ya fi shi nauyi. A duk ƙasar Hausa babu wata kurciya mai irin wannan ƙira, saboda haka wanda ya ga jelar ya riga ya gama rabin aiki.

Namiji yana da baƙar fuska. Baƙin ya fara daga goshi, ya sauko ta maƙogwaro har ƙirji, kamar wanda ya yi amawali da baƙin rawani. Bakinsa launi biyu ne, gindin ja mai duhu, tsinin kuwa ruwan ɗorawa. Macen ba ta da baƙin fuska ko kaɗan. Fuskarta da ƙirjinta toka-toka ne, bakinta kuma ya fi duhu, ba shi da hasken na namiji. Wannan bambanci abin lura ne, domin a yawancin kurciyoyi da tattabaru ba a iya raba namiji da mace da kallo ɗaya. Ɗan bardo da bai daɗe da barin sheƙa ba ya fi kama da uwarsa, sai dai bayansa da fuka-fukansa suna da ɗige-ɗige fari da baƙi.

Ban da waɗannan, namiji da mace sun yi tarayya a sauran kamanni. Bayansu ƙasa-ƙasa ne mai ratsin toka, cikinsu fari. A kan fiffike akwai 'yan ɗigo kaɗan masu duhu, waɗanda in rana ta haska su sukan yi ƙyallin shunayya. A ƙugu, daidai inda jela ta fara, akwai zane baƙi guda biyu da fari-fari a tsakaninsu. Manyan gashin fiffike kuwa ruwan makuba ne, amma ba a ganinsu sai ya tashi. Yana da wata ɗabi'a kuma da ke tona shi ko daga nesa: idan ya sauka yakan ɗaga jela sama ya ɗan buɗe ta, sa'an nan ya saukar da ita a hankali.

Kukansa ba shi da ƙarfi. Gaɓa biyu ne, ta farko gajera, ta biyu doguwa mai taushi, yana maimaitawa daga kan reshe kamar mai jimami. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Masanin tsuntsaye zai yarda da wannan magana ta wata fuska, domin kowace irin kurciya da nata kukan, kuma wanda kunnensa ya saba yakan faɗi sunan tsuntsu tun bai gan shi ba.

Waɗanda ake rikita shi da su

Kurciyar da aka fi sani ita ce ta cikin gari, mai sheƙa a kan katanga da rassan darbejiya, wadda masana ke kira Spilopelia senegalensis. Ta ninka bardo nauyi, kanta da ƙirjinta jaja-jaja ne, tana da ɗige-ɗige baƙi a gaban wuya kamar tsakiya, fiffikenta kuma da ratsin shuɗi. Ta daji mai baƙin zobe a bayan wuya ta fi ta girma, kuma zoben kaɗai ya isa shaida, domin bardo ba shi da zobe. Hasbiya ba ta cikin lissafi, girmanta na tattabara ne, ga jan da ya kewaye idonta.

Inda ake samun rikici na gaske shi ne tsakanin macen bardo da wata ƙaramar kurciya mai son gindin itatuwa da bakin rafi, Turtur abyssinicus. Su biyun 'yan uwa ne na kusa a wajen masana. Ita ma tana da ɗigo masu ƙyalli a fiffike, da zane biyu a ƙugu, da jan fiffike in ta tashi. Amma jikinta a dunƙule yake, jelarta gajera ce, kukanta kuma dogo ne, yana farawa a hankali, ya ƙara sauri, ya yi ta yin ƙasa har ya ɓace. A nan ma jela ce alƙali.

Sunan da ya zo daga kudu

A littattafan kimiyya sunan bardo Oena capensis. Wani masani ɗan Faransa mai suna Brisson ya bayyana kamanninsa a 1760 daga wani da aka samo a yankin Cape na Afirka ta Kudu. A 1766 Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin wanda ya tsara hanyar ba halittu suna mai kalma biyu, ya sa masa capensis, wato na Cape. A 1837 kuma Swainson na Ingila ya ware masa rukuni nasa shi kaɗai, Oena, daga wata kalmar Girkanci mai nufin kurciya, kuma har yau babu wani tsuntsu a wannan rukuni sai shi. Sunansa na Turanci ma daga yankin Namakwa na kudancin Afirka aka ɗauko shi.

Kada sunan ya ruɗi ɗalibi. Sau da yawa sunan kimiyya yana nuna wurin da Turawa suka fara samun halitta ne kawai. Bardo ya bazu a busassun yankunan Afirka kudu da Sahara, daga Senegal zuwa Sudan da Somaliya har can kudu, yana kuma tsibirin Madagaska da ƙasar Larabawa. Abin da yake gudu shi ne kurmi mai duhu.

Tsabar ciyawa da ruwa

Abincin bardo kusan duka ƙananan tsaba ne na ciyayi da haki, kuma a ƙasa yake tsintarsu. Ba ya hawa zangarniya ya ci kamar yadda jan-baki ke yi wa gero da shinkafa, don haka manomi ba shi da wata ƙara a kansa. Ciyayin damina irin su komayya da gude-gude da harkiya sukan zubar da tsaba mai ɗimbin yawa kafin su bushe, tsabar ta kwanta a kan ƙasa duk tsawon rani. Filin da mutum zai duba ya ce babu komai a cikinsa, ga bardo rumbu ne a buɗe. Shi ya sa ake yawan ganinsa a gefen hanya, da saura, da masussuka bayan an kwashe amfani, da makiyaya inda kofaton dabbobi ya share ƙasa.

Tsuntsu ba shi da haƙora. Bardo yakan haɗiye tsabar yadda take, ta fara taruwa a wata jaka da ke ƙasan wuyansa ta jiƙa, daga bisani ta wuce zuwa ƙundu. Ƙundu tsoka ce mai ƙarfi, kuma tsuntsun yakan haɗiyi 'yan tsakuwa su zauna a ciki, su yi aikin dutsen niƙa. Duk wadda ta taɓa gyaran kaza ta ga wannan tsakuwa.

Sai dai busasshiyar tsaba ruwan da ke cikinta bai wuce kimanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ba, saboda haka mai cin ta dole ya nemi ruwa. A nan dangin kurciya suna da wata baiwa. Kaza takan tsoma baki ta ɗebo ruwa, ta ɗaga kai sama ya gangara, ta sake tsomawa. Kurciya kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa kamar doki, ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi. Cikin 'yan daƙiƙu ta gama ta tashi. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin mashaya nan ne shaho ya fi yin kwanto.

Yadda yake jure zafi

A Sakkwato da Maiduguri zafin iska a watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, yashin da rana ta buga kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ƙaramin jiki ya fi babba saurin ɗaukar zafi, kamar yadda ruwan cokali ya fi na tukunya saurin tafasa. To, ta yaya tsuntsu mai nauyin giram 40 yake kiwo a irin wannan wuri?

Tsuntsaye ba su yin gumi irin na mutum. Yawancinsu haki suke yi, ruwa ya fita ta numfashi ya tafi da zafi. Illar haki ita ce shi kansa aiki ne, tsokar da ke yin sa tana haifar da wani sabon zafi a cikin jiki, sai ya zama ana kwasa ana zubawa. Dangin kurciya suna da wata hanya ta dabam: ruwa yana ratsowa ta fatarsu ya zama tururi, ba tare da wani motsi mai yawa ba. Misalin da ya fi kusa shi ne randar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi, alhali randar ba ta yi aikin komai ba.

A 2016 Andrew McKechnie na Jami'ar Pretoria da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi wa kurciyoyi iri huɗu, uku na kudancin Afirka, har da bardo, ɗaya ta Ostiraliya. Sun sa su a akwatin da ake iya ƙara wa zafi a hankali, suna auna zafin jikinsu da ruwan da ke fita. Ko da zafin iska ya haura digiri 55, zafin jikin bardo bai wuce kimanin digiri 43 ba, wanda bai yi nisa da zafin jikin tsuntsu na yau da kullum ba. A matuƙar gwajin, zafin da yake fitarwa ta hanyar tururi ya ninka wanda jikinsa ke haifarwa fiye da sau huɗu. A cikin huɗun shi ne ƙarami, kuma shi ya fi su duka a wannan ma'auni.

Amma randa ba ta sanyaya sai da ruwa a cikinta. Duk wannan juriya da ruwa ake biyan ta, don haka rayuwar bardo a rani ta rataya ne a kan tabki, da gulbi, da kwatarniyar shayar da dabbobi, da ɗan ruwan da ya malala a bakin famfo. Inda waɗannan suka ƙafe, shi ma yakan kama hanya.

Nonon tsuntsu

Sheƙar bardo ba abin yabo ba ce. 'Yan tsinkaye ne da saiwoyi da aka jera kamar faifai a cikin gajeren itace, galibi mai ƙaya, sau da yawa a tsayin da yaro zai leƙa yana tsaye. Macen takan yi ƙwai biyu masu launin fari da ya ja zuwa ruwan ɗorawa. Iyayen biyu suke raba kwanci, namiji da rana, mace daga yamma har safiya. Bayan kwana 13 zuwa 16 sai a ƙyanƙyashe, bayan wasu kwana 16 ko kusa da haka 'ya'yan su tashi.

Abin tambaya shi ne, me za a ba ɗan da aka ƙyanƙyashe yau, tun da ba zai iya niƙa busasshiyar tsaba ba? Yawancin tsuntsaye masu cin hatsi, kamar jan-baki, ƙwari da tsutsa suke kamo wa 'ya'yansu, domin ɗa mai girma yana bukatar furotin. Wannan ya ɗaure su, ba su iya haihuwa sai lokacin da ƙwari suka yawaita, wato damina. Kurciya da tattabara sun kuɓuta daga wannan ɗauri. Gab da ƙyanƙyasa, fatar cikin jakar nan ta wuya takan yi kauri, ƙwayoyinta su cika da maiƙo da furotin, su saɓule su zama wani abu fari-fari mai kama da cuku. Ɗan shila yakan cusa bakinsa cikin na iyayensa ya sha. Uwa da uba duka suna yin wannan nono. Bayan 'yan kwanaki sai su fara gauraya shi da jiƙaƙƙiyar tsaba, har a yaye ɗan.

Ba a kira shi nono a banza ba. Sinadarin da ke ba jiki umurnin yin sa, firolaktin, shi ne dai wanda ke sa nono ya kawo ga mace mai shayarwa da saniya. Hasali ma da jakar wuyan tattabara Oscar Riddle da abokan aikinsa a Amurka suka yi amfani wajen gano wannan sinadari, suka raɗa masa suna. Bambancin shi ne nonon tsuntsu ba shi da sukari irin na nonon dabba, kuma ba daga mama yake fitowa ba.

Saboda wannan baiwa bardo yana iya haihuwa a cikin rani, sa'ad da tsaba ke zube a ƙasa. Amma rani shi ne lokacin ƙunar daji da sassabe da saran itacen wuta, ga shi kuma sheƙar a ƙasa-ƙasa take. Maciji da muzuru suna cin rabonsu tun fil azal, tsuntsun ya saba da wannan asara. Wuta kuwa a yini ɗaya takan cinye sheƙar da tsabar da ke ƙasa gaba ɗaya.

Tafiye-tafiyensa

Bardo ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Idan damina ta sauka tsabar da ke ƙasa takan tsiro, ciyawa ta rufe fili, abinci ya yi masa wuyar samu. A Afirka ta Yamma da yawansu sukan matsa arewa zuwa bakin Sahara da damina, in rani ya yi kuma a gan su can kudu da inda aka saba. A wasu wurare yakan bayyana da yawa a wata shekara, a wata kuma a neme shi a rasa.

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 ya faɗaɗa mazauninsa zuwa arewa. Ya kafu a Isra'ila da Jodan, an gan shi a Turkiyya, a 2017 kuma aka gan shi a jihar Gujarat ta Indiya. Masana suna danganta wannan da yaɗuwar noman rani a cikin hamada, wanda ya samar masa da abubuwa biyu da yake bukata, ruwa da tsabar ciyawa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin tsuntsayen da ba a fargabar ƙarewarsu.

Ba duk danginsa ne suka yi wannan sa'a ba. Akwai wata kurciya, Streptopelia turtur, wadda ke haihuwa a Turai, ta ƙetaro Sahara ta yi rani a yankin Sahel, har da arewacin Nijeriya da Nijar. Ana gane ta da wani tabo mai zane baƙi da fari a gefen wuya, da bayanta mai kama da ɓawon kifi. A Ingila yawanta ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 daga 1970, saboda ƙarancin tsabar ciyawa a gonakin zamani da kuma harbi a kan hanyarta, a 2015 kuma aka sa ta cikin jerin masu fuskantar haɗari. A da ita ma kowa yana ganinta ba ya kulawa. Yaron da ya ɗana tarko a bakin tabki, ko ya ja danƙo, bai san ko wadda ya kama ta gida ce ko baƙuwar da ta yi tafiyar dubban kilomita ba, sai in an koya masa duba wuya da jela.

Aikin da aji zai iya yi

Ba a gane cewa tsuntsu yana raguwa sai in akwai wanda ya ƙidaya shi lokacin da yake da yawa. A 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarƙashin cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jami'ar Jos, kuma aikin ya dogara ne ga 'yan sa-kai da ke rubuta abin da suka gani a garuruwansu. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya a makarantar sakandare tana iya shiga irin wannan aiki, kuma bardo ya dace da mai koyo, domin ba ya ɓuya, ba ya saurin tashi, kuma ana raba namiji da mace ba tare da tabarau mai kawo nesa kusa ba.

Malami zai zaɓi mashaya ɗaya kusa da makaranta, a riƙa zuwa rana ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, a zauna na rabin sa'a. Ɗalibai su rubuta kwanan wata, da yanayin gari, da yawan maza da mata da 'ya'ya masu ɗige-ɗige. Wani ya riƙe agogo ya auna daƙiƙa nawa bardo yake yi yana sha, a kwatanta da kaza ko gwara. In an ci gaba daga Oktoba zuwa Yuni, takardar za ta nuna watan da ya iso, da watan da 'ya'ya suka fara bayyana, da watan da ya ɓace. In aka ci karo da sheƙa, a duba daga nesa, kada a taɓa ƙwan, kada kuma a tattake hanya zuwa gare ta, domin muzuru yana bin sawun mutum. A zauna kamar taku ashirin daga bakin ruwan, rana tana bayan masu kallo, don hasken ya faɗi a kan fiffiken tsuntsun ɗigon shunayyar nan su fito.